Filin Tambaya da Amsa: Me Ɗan Kasuwa Zai Ba Makaranta Ban da Katan Ɗin Lemo?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun da suka taru a wannan karo kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato darasin koyon sana'a a makarantun sakandare da abin da 'yan kasuwar gari za su iya yi a kai. Na zaɓi huɗu. Masu tambaya kan rajistar shago da rancen banki su yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malami ne a wata sakandaren jeka-ka-dawo cikin garin Sakkwato, kuma ni aka ɗora wa darasin koyon sana'a. Gaskiya a allo muke yin sa. Keken ɗinki biyu gare mu, ɗaya ya lalace, ɗalibai kuwa aji cike. Mun rubuta wa manyan 'yan kasuwa takardun neman taimako, ba wanda ya amsa sai mutum ɗaya da ya aiko da katan ɗin lemo ranar rabon kyaututtuka. Ta ina za mu ɓullo wa lamarin?
Daga wani malami, Mabera.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba da ladan koyarwa. Ban ga takardar da kuka rubuta ba, amma na ga irinta da yawa, domin ni ma alli na riƙe kafin in koma zaman shagon kayan fata. Galibi cewa ake yi "muna neman gudummawarku domin bunƙasa ilimin sana'a." Alhajin da ka aika wa, a satin nan kaɗai an kai masa ta ginin masallaci, da ta 'yan ƙwallon shiya, da ta maras lafiyar da ke kwance asibiti. Duk waɗannan ya san nawa ake nema, ya san inda kuɗin za su. Taku kuwa bai san ko naira 5,000 kuke so ko miliyan 5 ba, bai kuma san ranar da za ku daina zuwa ba. Mutumin da ya saba auna komai da mudu ba ya amsa roƙon da ba shi da awo. Katan ɗin lemon nan sallama ce cikin mutunci.

Matsalar ba taku ce ku kaɗai ba. A 2011 hukumar tsara manhaja ta ƙasa, NERDC, ta shigo da sana'o'i 34 cikin karatun babbar sakandare, aka ce kowane ɗalibi ya ɗauki ɗaya, kuma tun 2014 ake rubuta su a jarrabawar WAEC. A 2025 gwamnatin tarayya ta sake fasali, ta taƙaita su zuwa 6: haɗa sola da gyaranta, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, sai noman lambu da na amfanin gona. Ni dai abin da ya sosa mini rai shi ne dukanci, wanda yana cikin 34 ɗin farko, bai samu shiga ba. A ƙasar da fatar jan akuyarta ta keta Sahara har Turawa suka riƙa saye suna ce mata fatar Maroko! Amma wannan zancen wata rana ne. Abin da nake so ka lura da shi, manhaja takarda ce. Ba ta zuwa da keke, ba ta zuwa da gwani. Gwanayen suna nan cikin gari, a Maƙera Assada, a Madunka, a Kara, a Babbar Kasuwa, da shagunan teloli da ke kowane lungu.

In ni ne kai, ba kuɗi zan fara roƙo ba. Ciniki zan roƙa. Ka sami mai sayar da kayan 'yan makaranta ka ce masa: "Alhaji, ba mu odar hijabi 20 na 'yan firamare. Kai za ka ba da yadi, mu ɗinka cikin sati 3. Wanda ya yi, ka biya kuɗin ɗinki yadda kake biyan telanka. Wanda bai yi ba, ka dawo mana da shi, mu biya yadin daga abin da muka samu." Wannan magana yana jin ta, don irinta yake yi kullum. Ya san iyakar abin da zai iya rasawa, ya san ranar da za a gama. Hijabi 20 kuwa keke ɗaya ma ya isa in an raba ɗalibai rukuni-rukuni, wasu na yanka, wasu na ɗinki, wasu na guga. Wanda ya lalace ɗin, ka kira mai gyara ya buɗe shi a gaban aji, darasin ranar ke nan.

Ranar kai kaya kada ka aika. Ku tafi da ɗalibai uku ko huɗu, da malama in 'yan mata ne, su tsaya su ga yadda yake karɓa. Ba ya tsayawa kallon fuskar hijabi. Juya shi yake yi ciki ya koma waje, ya bi ɗinkin da babban yatsa, ya kama gefe biyu ya ja ya ga ko zare zai buɗe baki, ya ɗaga shi sama ya ga ko kalmasa ta karkace, ya zura hannu wajen fuska ya ji ko ya matse. Sai ya jefa shi dama ko hagu, bai ce uffan ba, ya ɗauki na gaba, wataƙila ma waya na kunnensa. Kai Malam, ɗinkin da ya karkace kana ba shi maki 60 don yarinya ta yi ƙoƙari, kuma daidai ne, aikinka ke nan. Kasuwa ba ta da maki 60. Yarinyar da ta ga an jefa nata hagu, da wadda aka ƙirga wa kuɗin aikinta a tafin hannu, duk su biyun sun tafi gida da abin da kai ba ka da ikon ba su, komai iya koyarwarka. Wannan shi ne taimakon da ɗan kasuwa kaɗai ke iya yi. Keke kowa na iya sayo muku, har ɗan siyasa.

Bayan wannan akwai abubuwan da ba su ci masa ko sisi. Ƙyallayen da tela ke sharewa, rarar fatar da baduku ya yanke, matattun wayoyin da suka cika akwatin mai gyara, duk kayan koyo ne. A nan ɗalibi zai ɓata hannunsa kafin ya taɓa kayan mutane.

Zancen gayyato baƙo ya yi wa ɗalibai jawabi kuwa, ina da ra'ayi a kai. An saba kiran babban attajiri ya zo ya ce da naira goma ya fara, a yi tafi, a ɗauki hoto, a watse. Yara ba su ƙaru da komai ba sai kallon motarsa. Gara ka roƙe shi aron yaron da ke riƙe masa littafin shago na awa ɗaya. Ya zo da tsohon littafi, a rufe sunayen masu bashi, ya nuna musu inda ake rubuta abin da ya shigo, da abin da ya fita, da bashi, da abin da maigida ya zara don cefane. Shafin ƙarshen nan shi ke kashe ƙananan sana'o'i, kuma ba kasafai littafin makaranta ke maganarsa ba.

Wa za ka fara tunkara? Ka bar manyan tukuna. Ka ɗauko rajistar ajinka ka tambayi kowane ɗalibi sana'ar gidansu. Za ka sami ɗan maƙeri, da 'yar mai turaren wuta, da ɗan dillalin dabbobi a Kara, da wanda mahaifinsa ke lodin albasa da tafarnuwa daga Goronyo ko Wurno. Uban da ɗansa ke ajin ba ya kulle maka ƙofa. Daga su sai tsofaffin ɗaliban makarantar da suka kafa shago. Idan abu ya fara tafiya, sai ka je wa shugaban 'yan sana'ar, don kowace sana'a a garin nan da babbanta, kuma kalmarsa ɗaya ta fi takarda goma mai hatimi. Ka je da ƙafarka, da hantsi kafin kasuwa ta cika. Kada ka je wa tela ana saura sati biyu Sallah, ba zai ma ɗago kai ba. Idan kana neman abin buɗe zance a gaban dattawa, ba sai ka je nesa ba: sun san labarin Shehu Usmanu da tukar igiya don ya ci guminsa, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, cikin nasihar da ya rubuta wa Umarun Dallaji na Katsina, ya sa kula da manoma da maƙera da maɗinka da marina cikin aikin shugaba.

Ka kuma tsare kanka. Izinin shugaban makaranta a rubuce, sanin ƙungiyar iyaye da malamai, kuma duk fitar da ɗalibai waje ta bi ƙa'idar ma'aikatar ilimi. Kuɗin oda kada su kwana a aljihunka ko asusunka ko da na dare ɗaya. Ɗalibai biyu su riƙe littafi, wani malami daban ya riƙe kuɗi, a karanta lissafi a gaban aji duk ƙarshen wata. Ƙarshen zango ka kai wa Alhajin kwafin lissafin nan a shafi ɗaya. Ba a saba yi masa haka ba, kuma shi zai sa ya ba ku oda ta biyu.

TAMBAYA: Malam, ina da shagon gyaran waya. Wani malamin makaranta, abokin yayana, ya matsa in ɗauki ɗalibainai shida su riƙa zuwa koyo. Ni tsoro nike ji. Wayoyin mutane na hannuna, in yaro ya fasa gilashi ko ya ƙona inji ni ka biya. Kuma in sun iya, gobe su buɗe shago kusa da ni su kwashe min kwastomomi. Mi ar ribata cikin wanga abu?
Daga mai gyaran waya, Sakkwato.

AMSA: Ɗan'uwa, tsoronka na kan hanya, kuma na fi son mai tambayar ribarsa a kan wanda zai ce to don kunya, bayan sati biyu ya fara ɓuya. Kada ka ɗauki shida. Shagon waya teburi ne da kujera, shida taron kallo ne. Ka ɗauki biyu, ranar Asabar da lokacin dogon hutu, malaminsu ya zaɓo, mahaifin kowane ɗaya ko waliyyinsa ya zo da kansa ya damƙa maka shi, kamar yadda aka yi da kai ranar da aka kai ka koyo.

Watan farko ba ruwansu da wayar kwastoma. Matattun wayoyi za su yi ta kwancewa suna ɗaurawa, su koyi riƙe mitar gwada wuta, su koyi narka dalma ba tare da sun haɗe ƙafafu biyu na ƙananan kayan inji ba. Daga nan liƙa gilashin kariya, canza batir, share bakin caji. Buɗe cikin wayar kwastoma kuwa sai kana tsaye a kansu.

Akwai abin da ba ka ambata ba, kuma ya fi fasa gilashi haɗari. Wayar da aka kawo gyara cike take da sirrin gida, hotunan iyali, saƙonni, asusun banki. Gilashi kana biya a wuce wurin. Hoton matar aure guda ya fita daga shagonka, ba kuɗin da zai dawo maka da suna, kuma maganar na iya kai ka gaban alƙali. Saboda haka lambar buɗe waya kai kaɗai ke karɓa, ɗalibi ba ya riƙe wayar kwastoma sai a kashe take, kuma ka faɗi wannan a gaban uban yaron tun ranar farko, tare da cewa wanda ya karya ba gargaɗi, sai gida.

Za su buɗe shago? Za su buɗe, in Allah ya so. Kai ma haka ka yi wa wanda ya koya maka. Amma dubi yadda 'yan kasuwar Ibo ke yi: yaro ya yi shekaru a shago, ubangida ya sallame shi da jari, sau da yawa kuma wurin ubangidan yake komawa sarin kaya. Yaron da ka koya wa, wurinka zai sayi gilashi da batir, kuma aikin da ya fi ƙarfinsa kai zai turo wa. Ba duka za su zauna cikin gari ba ma. Wani Illela zai koma, wani Gwadabawa, wani Tambuwal, can ma wayoyi na lalacewa. Ribar kusa kuwa ita ce, ranar da kake neman yaron shago, kana da wanda ka riga ka ga hannunsa da halinsa, ba wanda aka kawo maka jiya ba.

Sai dai kai ma da naka haƙƙin. Ka ba su na abinci da na kabu-kabu. Kada hutu ya ƙare abin da suka iya shi ne shara da sayo shayi. Ku zauna da malamin ku rubuta gyara huɗu ko biyar da kowane yaro zai iya yi shi kaɗai kafin a koma makaranta.

TAMBAYA: Malam, 'yata tana aji biyu na babbar sakandare. An kafa musu ƙungiyar haɗa sabulun ruwa da turaren wuta, wata Hajiya mai shago ce ke ba su kaya tana koya musu. Yarinyar na so ƙwarai, amma mahaifinta ya ce talla ce aka canza wa riga. Ni kuma karatunta nake ji, don aikin jinya take buri.
Daga wata uwa, Runjin Sambo.

AMSA: Hajiya, Allah ya raya ta. Kada ki yi gardama da maigida a kan abin da ku duka ba ku gani ba. Gani ya kori ji: ki shirya ki je makarantar ranar da suke aiki, ki kuma je shagon Hajiyar ku gaisa. Ki duba a ina ake haɗa kayan, wa ke sayarwa, kuma da wane lokaci. Idan a cikin makaranta ake yi, gaban malama, kayan kuma na tafiya shagon Hajiyar ko gidajen biki ko ta WhatsApp ɗin iyaye, to ki dawo ki gaya wa mahaifinta haka. Idan kuwa ana ɗora wa yara robobi su bi tasha da bakin titi, ko ana fitar da su lokacin darasi, to maganarsa ta tabbata, ki cire ta, ki kuma sanar da shugabar makaranta dalili.

Ki lura da hannayensu. Sabulun ruwa da soda ake haɗa shi, tana ƙona fata, in ta shiga ido kuwa abin ya yi muni. Safar hannu, abin kare ido, ruwa a kusa, da wuri mai iska. In ba ki ga waɗannan ba ki yi magana, ba rashin kunya ba ne.

Karatu kuwa, makarantar jinya na neman kiredit a Turanci, lissafi, fiziks, kimistiri da bayoloji, kuma ba a sayen su da ribar turare. Ki ajiye sakamakonta na zangon da ya wuce, ki gwada da na wannan. Ya sauka, sana'a ta dakata. Idan ta shiga aji uku, daga zango na biyu a naɗe komai sai an gama WAEC da NECO. Wata alfarma kuma da zan nema mata: ɗan abin da ta samu kada ya narke cikin cefanen gida. A bar mata, ta rubuta, ta juya shi da kanta, ke kina duba littafin.

TAMBAYA: Baba, shekarata 16. Na koyi ɗinka walat na fata wurin kawuna. Fatar guda ɗaya na cin naira 800, ina sayarwa 1,500, ribata 700. Ina neman ɗan kasuwar da zai ba ni jarin naira 100,000 in faɗaɗa. Wa zan je wa?
Daga wani ɗalibi, Gidan Igwai.

AMSA: Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya sa wa hannunka albarka. Kawo biro mu yi lissafi da alƙalumanka. A ce ka yi walat 10. Fata 8,000. Zare da gam da maɓalli ba ka sa su ba, mu ce 2,000. Zuwa sayen fata da dawowa, 1,000. Ka kashe 11,000 ke nan. Cikin goman ɗaya aska ta zarce ya lalace, saura 9. Abokan ajinka su biyu sun ɗauki ɗaya-ɗaya sun ce sai Juma'a za su biya. Abin da ke hannunka kuɗin 7 ne, 10,500. Ka ga har yanzu uwar kuɗi ba ta dawo ba. In sun biya ka tashi da 13,500, ribarka 2,500, ba 7,000 da kake zato ba, kuma ba mu sa ladan zamanka ba. Sana'ar ba ta ɓaci ba, lissafin ne bai cika ba. Ko ka ƙara farashi, ko ka sami fata da sauƙi, ko ka daina ba da bashi. Wanda ya ba ka 100,000 yau bai taimake ka ba, ya ninka maka kuskuren ne kawai.

Ka sayi littafi mai layi ka rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita na wata 3. Sannan ka ɗauki littafin da walat uku mafi kyau, kawunka ya raka ka wurin masu sayar da kayan fata. Ba jari za ka roƙa ba. Ka ce su ba ka fata ka ɗinka, su biya ka ladan kowane ɗaya. Ga mai aikin hannu irinka wannan ya fi tsabta, kuma asarar kasuwa ba a kanka take ba.

Abokanka masu saye da sayarwa, irin masu shagon biro da littafi a makaranta, su ne hanyar ƙiradi, wato wani ya ba da jari wani ya juya a raba riba, ta dace da su, kuma malaman fiƙihunmu na Malikiyya sun yi bayaninta filla-filla. Mai dukiya ya ba da tsabar kuɗi, ba kaya ba. A yanka rabon riba tun farko, rabi da rabi ko sulusi, ba a ce "duk wata ka kawo mini 5,000" ba. In an yi asara ba da sakaci ko saɓa sharaɗi ba, mai kuɗi ya rasa kuɗinsa, mai aiki ya rasa wahalarsa. Da yake ku ba ku kai 18 ba, kowace yarjejeniya ce a yi ta da sanin mahaifi ko waliyyi, a rubuta, mutum biyu su shaida, kowane ɓangare ya riƙe kwafinsa.